Fitilar shuka maganin rashin rana ce, mu kuwa muna da rana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani talla da ya cika Facebook da zaurukan WhatsApp na mutanenmu, wato tallan noman cikin ɗaki. Za ka ga hoton kantoci hawa-hawa, latas ya yi kore shar a cikin fararen bututai, sama da shi ga fitilu masu launin shunayya. A ƙasa an rubuta cewa ba ruwanka da gona, ba ruwanka da damina ko fartanya, ka biya kuɗin horo, ka sayi kaya, ka mai da ɗakin da ba ka kwana a ciki gonar da za ta riƙa kawo maka kuɗi duk wata. Ƙanena da ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida ba aiki shi ya turo mini ɗaya, yana neman in haɗa masa jari. Na tabbata ba shi kaɗai ba ne yake wannan lissafi, shi ya sa na ga gara amsar da na ba shi ta kai ga sauran matasa da iyayensu.

Ni 'yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, aure da aiki suka kawo ni Aberdeen da ke arewa maso gabashin Sikotilan. Kuma ina wannan noma da ake talla, da ruwan taki da fitila, a cikin gidana. Ba daga nesa nake magana ba.

Dalilin da ya sa nake yi shi ne duhu. A nan, cikin watan Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata na safe, kafin uku da rabi na yamma ta faɗi. Wunin bai cika awa bakwai ba, kuma ko a cikin waɗannan awoyi ranar tana can ƙasa-ƙasa a gefen kudu, yawanci gajimare ya rufe ta. Mai aikin asibiti yakan fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Shukar da ka ajiye a bakin taga takan yi tsawo siririya, ta yi fari-fari, ta kwanta. A shagunan 'yan Afirka ana samun kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, amma ɗanyen alayyahu irin namu, ko yakuwa, ko rama, wannan sai dai a tuna. Ganyen da manyan kantuna ke sayarwa a leda wanda mutanenmu ke maye gurbin alayyahu da shi, narkewa yake a tukunya, ba ya riƙe miyar taushe. 'Ya'yana a nan aka haife su, ina so su san ɗanɗanon faten tsaki da yakuwa a ciki.

Abin da nake da shi bai taka kara ya karya ba. Kanta ce ta ƙarfe a ƙaramin ɗakin ajiya, da robobi baƙaƙe masu murfi, an huda murafan an saka ƙananan kofuna masu raga. A cikin kofin akwai ɓawon kwakwa da aka niƙa, shi ke riƙe tsiron, saiwa kuma ta sauka cikin ruwan da na narkar da taki. A sama akwai farar fitilar LED mai cin wat 100, da agogon da ke kunna ta ya kashe da kansa, awa 14 a kunne. Sai 'yar fanka da ke kaɗa ganyen don kada danshi ya kwanta a kansu.

Ganyayenmu na gida suna da hali a ƙarƙashin fitila, kuma a nan ne na fi jin daɗin abin. Alayyahu shi ne mai haɗama. Yana son haske mai ƙarfi da ɗumi, in ya samu, cikin wata guda ka fara yanka, ka bar gindin ya sake tofowa. Daddoya da na'ana'a ba sa buƙatar iri, reshe kawai za ka yanko ka tsoma a ruwa ya yi saiwa. Irin lalo yana da taurin ɓawo, sai an tsoma shi a ruwan zafi na ɗan daƙiƙoƙi kafin ya yarda ya tsiro gaba ɗaya. Yakuwa da rama da lalo kuma duk suna lura da tsawon wuni. A gida, yakuwa ba ta fure sai wuni ya fara gajarta a ƙarshen damina, shi ya sa zoɓo ke zuwa da kaka. To idan ka ba ta haske awa 14 kullum, a wajenta kaka ba ta zo ba, sai ta yi ta zuba ganye ba ta fure. Mai neman ganyen miya abin da yake so ke nan. Wanda yake son zoɓo kuwa sai ya rage hasken ya koma ƙasa da awa 12. Attarugu ya fi su wahala: a ɗaki babu iska babu ƙudan zuma, don haka furen yakan zube ba 'ya'ya sai ka riƙa girgiza reshen ko ka bi furanni da ɗan burushi, kuma hasken da ya ishi alayyahu ba ya isarsa ya yi 'ya'ya da yawa. Zogale kuwa ba ya son saiwarsa ta kwana a ruwa, ga shi da saurin tsawo, cikin ɗan lokaci ya kai ga fitila. Shi a tukunya da ƙasa ya fi.

Na kawo wannan duka don a san ba ƙin abin nake ba. Ranar da na shiga ɗakin nan cikin sanyin Janairu na ji ƙanshin daddoya, abin da zuciyata ke ji Allah kaɗai ya sani. Amma fitilar nan sayen rana nake da kuɗi saboda ba ni da ita. Mutumin Zariya ko Kano ko Maraɗi ko Damagaram me zai saya?

Masana suna auna yawan hasken da shuka ke sha a wuni da wani ma'auni da suke kira mol, a kan kowane murabba'in mita. Latas yana buƙatar kamar 12 zuwa 17. Tumatir yana son 20 zuwa 30. A tsakar gida a ƙasar Hausa, abin da rana ke zubowa kyauta a yawancin kwanakin shekara ya kai wajen 40, har ya kan wuce. A Aberdeen cikin Disamba bai kai 4 ba, a waje ma ke nan, ba bayan gilashin taga ba. Wato ni ina da ƙasa da sulusin abin da latas ke so, ƙanena kuma yana da ninki biyu da ɗoriya, har sai ya sa raga ya rage.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Fitilar LED mai kyau tana ba da kamar mol 9 a kan kowane yunit ɗaya na wuta. Don ka ba murabba'in mita ɗaya na latas mol 15, kana buƙatar yunit 1.7 kullum. Daga dashe zuwa yanka a ce kwana 35, ya zama yunit 60 ke nan. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin wutar masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 a kan yunit, daga baya ya sauko wajen naira 209. Yunit 60 a wannan farashi ya haura naira 12,000. Murabba'in mita ɗaya yana ɗaukar gindin latas kamar 20. Kowane gindi ya ci wutar sama da naira 600, kuma ba a sa kuɗin iri ba, ba taki, ba kuɗin fitilar kanta, ba hayar ɗaki, ba ladan wahala. Duk wanda ya taɓa sayen latas a kasuwar Sabon Gari lokacin hunturu ya san yawan abin da naira 600 ke ɗaukowa daga lambu.

Na tumatir ya fi muni. Mol 25 a wuni yana cin kusan yunit 2.8, a shekara ya kai yunit 1,000 a kan murabba'in mita guda, wato sama da naira 200,000. Ƙwararrun manoman Holan, da gidajen gilashinsu da kwamfutocin da ke lura da komai, abin da suke samu a wannan fili a shekara bai fi kilo 60 zuwa 70 ba. Ko da ƙanena zai kamo su daga ranar farko, kilo ɗaya na tumatirinsa ya ci wutar naira 3,000. Wa zai saya, alhali ga kwandunan Kadawa da Ɗanja suna shigowa?

Wannan lissafi ma na wanda ke da wuta ne. Layin Band A alƙawarin awa 20 aka yi masa, yawancin unguwanninmu ba sa kan wannan layi. In wuta ta ɗauke kwana biyu, shukar da ke rufe a ɗaki tana cikin duhu, in kuma irin tsarin bututu ne da famfo ke zagaya ruwa, saiwar takan bushe cikin 'yan awoyi a ranar zafi. Sai a koma janareta, wanda yunit ɗinsa ya ninka na layi. Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: duk wutar da fitila ta ci, ƙarshenta zafi take zama a cikin ɗakin. A nan wannan alheri ne gare ni, don ɗakin ajiyar nawa sanyi gare shi kuma alayyahu na son ɗumi. A Kano cikin Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, dole ka sa na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe zafin da ka saya da kuɗinka, ita ma da wutar kuɗi.

Ƙanena ya ce to ai sai a sa sola. Mu duba. Don a samu yunit 1.7 kullum, bayan an cire abin da ke salwanta a waya da batir, ana buƙatar farantin sola na wajen wat 400, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita biyu. Farantin kansa kashi ɗaya cikin biyar kawai na ƙarfin rana yake mayarwa wuta. Ka ga an tare rana a fili mai faɗin mita biyu, an sayi faranti da batir da inbata da fitila, don a haska mita ɗaya a cikin ɗaki, alhali da an ajiye shukar a inda aka kafa farantin da ta samu fiye da buƙatarta ba ko sisi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kada a ce ni ce ban iya kasuwanci ba. A dubi waɗanda suka shiga harkar da dala miliyoyi. Kamfanin Infarm na Jamus ya sallami ma'aikata kusan 500 a ƙarshen 2022, fiye da rabin mutanensa, ya kuma ambaci tsadar makamashi cikin dalilansa. AeroFarms na Amurka, wanda hotunansa suka zagaye duniya, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Yunin 2023. Bowery, da aka taɓa yi wa ƙima sama da dala biliyan 2, ya rufe a Nuwamban 2024. Plenty, da ya tara kusan dala biliyan 1 daga masu zuba jari irin su kamfanin SoftBank da attajirin nan Jeff Bezos, shi ma ya je kotu a Maris 2025. Waɗannan suna ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, masu saye kuma suna biyan kuɗi mai tsoka a kan 'yar ledar ganye. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Akwai masu ci gaba, gaskiya ne, kamar gonar Bustanica da aka buɗe a Dubai a 2022, amma ita bayanta akwai kamfanin da ke dafa wa jiragen Emirates abinci, mai saye yana nan tun kafin a shuka. Su kansu mutanen Holan rana ce babbar fitilarsu ta cikin gilashi, lantarki ciko ne na lokacin sanyi, kuma da gas ya yi tsada a 2022 da yawansu kashe fitilun suka yi. A Almeriya da ke kudancin Sifaniya akwai rumfunan leda da suka haura hekta 30,000 suna ciyar da Turai tumatir da tattasai da kokwamba a tsakiyar hunturu, da hasken rana.

Inda fitila ke da hurumi a ƙasarmu shi ne ɗakunan bincike, inda ake renon ƙananan tsirrai a kwalba ana tsare su daga cuta. Wannan daban.

Abin da nake so matasa su gane shi ne, masu talla sun ɗaure abu biyu wuri guda suna sayarwa: noma ba da ƙasa ba, da kuma noma da fitila. Ba tare aka haife su ba. Tun wajajen 1860 masanan Jamus, Sachs da Knop, suka nuna shuka na rayuwa a ruwan da aka narkar da sinadaran abincinta. A 1929 William Gericke na Jami'ar Kaliforniya ya fara kiran a yi noman abinci da wannan hanya, kuma tumatirinsa da ya yi tsawon da sai da tsani ake tsinka, a rana ya girma. A shekarun 1930 kamfanin jiragen Pan American ya yi amfani da ita a tsibirin Wake da ke tsakiyar tekun Fasifik, inda babu ƙasar noma, ya samar wa matafiya ganye. Fitilar LED mai arha kuwa jiya-jiya ta zo: Jafanawa ukun da suka ƙirƙiro shuɗiyarta, wadda farar ta samo asali daga gare ta, a 2014 aka ba su kyautar Nobel. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Arizona suka fitar a 2015 ya kwatanta latas na gona da na ruwan taki a yankin Yuma na Amurka. Na ruwan taki ya ninka yabanya sau 11 a fili ɗaya, ya sha lita 20 a kan kilo maimakon lita 250, amma ya ci makamashi ninki 82. Tanadin ruwan nan shi ne rabonmu. Cin makamashin shi ya kamata mu guje wa iyakar iyawarmu.

Kuma akwai hanyar da ba ta cin wuta ko kaɗan. Wani malami a Jami'ar Hawai, Bernard Kratky, shi ya yaɗa ta, har ake kiranta da sunansa. Ka samu bokitin fenti ko tsohuwar kula ko jarkar da aka yanke, mai murfin da haske ba ya ratsawa. Ka huda murfin, ka sa ƙaramin kofin roba da ka hudhuda, ka cika shi da ɓuntun shinkafa da aka babbaka ko tsakuwa wankakkiya, ka dasa tsiron. Ka cika bokitin da ruwan taki har ya taɓa gindin kofin. Shi ke nan. Shukar tana shan ruwa, ruwan yana sauka, saiwa tana binsa, sarari yana buɗewa tsakanin murfi da ruwa. Saiwoyin da ke cikin wannan sarari mai danshi su ke shaƙar iska, na ƙasa su ke shan ruwa. Shi ya sa ba a buƙatar famfo. Kuskuren da ke kashe wa mutane shuka shi ne tausayi: su ga ruwa ya yi ƙasa su cika bokitin har baki, saiwoyin numfashi su nutse, washegari shuka ta yi yaushi alhali tana cikin ruwa. In za a ƙara, a ƙara kaɗan, a bar sararin nan yadda yake. Gindin latas ɗaya lita 4 zuwa 6 ke isarsa daga dashe har yanka, ba a ƙara ko ɗigo.

Wahalar gaskiya tana wajen taki, kuma a nan ne nake so a tsaya a yi tunani. Kamfa da yuriya da ke kasuwanninmu don ƙasa aka yi su. A gona, ƙasa ce ke ba da kalsiyam da magnesiyam da sinadarin ƙarfe da sauran ƙananan abinci, ƙwayoyin halittar da ke cikinta kuma su ke juya yuriya ta koma abin da saiwa ke iya sha. A bokiti babu mai yin wannan aiki. Duk abin da ba ka zuba ba, babu shi. In ka narka kamfa kaɗai, sabon ganye zai fito rawaya, bakinsa ya ƙone, ga laka a ƙasan bokiti. Abin da nake amfani da shi kashi uku ne: takin da ke narkewa tas mai lamba 4-18-38 wanda ke ɗauke da ƙananan sinadaran, da kalsiyam naitiret, da magnesiyam salfet. A lita 10 ta ruwa, giram 6 na farko, giram 6 na biyu, giram 3 na uku. Kalsiyam ɗin a ƙarshe ake narka shi, shi kaɗai, don in ya haɗu da sauran suna da kauri sai su daskare su kwanta. Ana kuma buƙatar 'yan na'urori biyu masu kama da alƙalami, ɗaya na auna tsamin ruwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, ɗaya na auna ƙarfin takin. In tsamin ya wuce 7, ko da sinadarin ƙarfe na cikin ruwan shuka ba ta iya ɗauka. Ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi yana kawo wannan matsala, ruwan sama da aka tara ya fi.

Sai zafi. Saiwa ta fi son ruwa mai digiri 18 zuwa 24. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take, ruɓar saiwa kuma ta samu ƙofa. Baƙin bokiti a tsakar gidan siminti cikin bazara zai dafa saiwa. Sai a shafa masa farin fenti a waje, ko a naɗe shi da buhu, ko a binne rabinsa a ƙasa, a kuma yi rumfar raga. Latas a bar shi ga hunturu kamar yadda masu lambu ke yi tun da, don da zafi ɗaci yake ya tafi fure. Da bazara alayyahu da lalo da yakuwa sun fi juriya. A matsayina na ma'aikaciyar jinya dole in ƙara wannan: bokitin ruwa a tsakar gida, in murfin bai rufu sosai ba, gidan sauro ne. Duk wata kafa a toshe ta. Hasken da ya shiga ma gansakuka yake haifarwa ta cinye takin.

Wa wannan zai amfana? Ba manomin Kura ko Garun Malam ba, wanda ruwan Tiga ke zuwa masa ta magudana, kuma ba wanda zai noma dawa ko masara ko shinkafa a bokiti ya ci riba, don haka masu cewa wannan ne maganin yunwa su ji tsoron Allah. Wadda nake gani a idona ita ce matar aure a gidan haya a cikin birni, tsakar gida duk siminti, ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa, ba ta fita kasuwa. Bokiti goma a gefen katanga za su ba ta ganyen miya mai tsafta wanda ta san ruwan da ya sha, abin da mai sayen ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata ba zai iya cewa ba. Sai matashin da ya riga ya samu otal ko gidan abinci da zai riƙa karɓar latas da kokwamba da na'ana'a duk mako, ya kafa rumfar raga a fili. Raga mai ƙananan ido tana kuma rage ɓarnar ƙwari, kuma wanda ya ga yadda tsutsar da manoma ke kira sharon ta share tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ya san darajar wannan. Duk da haka zan faɗi gaskiya: ga gidaje da yawa, buhun da aka cika da ƙasa da takin gargajiya ya fi bokitin ruwa sauƙi da arha, don ba ya neman na'urar awo ko takin da sai an yi odarsa daga Legas. Wanda bai taɓa raya alayyahu a buhu ba, ya fara da nan.

Akwai wani reshe na tallan da ya shafi masu kiwo, wato tsirar da hatsi a faranti a ba dabbobi cikin mako guda. Wannan ya yi amfani a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke Tinduf a Aljeriya, inda wani injiniyansu, Taleb Brahim, ya gyara hanyar tare da Hukumar Abinci ta Duniya suna tsirar da sha'ir, daga baya aka kai ta gabashin Chadi. A can babu ko tsinken ciyawa, awaki har leda suke ci, don haka ɗanyen tsiro babban abu ne. Amma kilo ɗaya na hatsi da ya koma kilo shida ko bakwai na tsiro, ruwa ne ya ƙara masa nauyi. In aka busar aka auna, abincin da ke ciki bai kai na hatsin da aka jiƙa ba. Ga saurin yin fumfuna in wurin ya yi zafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ga ana cewa a yi da dawa tunda ba mu da sha'ir. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba, ita ce dai wadda ke kashe shanu in sun ci gyauro, kuma kowane Bafulatani ya san wannan. Kada wanda ya ba dabbarsa tsiron dawa don ya gani a bidiyo.

Ba a rasa masu yin aikin tsakani da Allah a ƙasarmu ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi amfani da noma ba ƙasa wajen yawaita irin doya da na rogo mai tsafta. Wani mai noma ba ƙasa, Samson Ogbole, yana horar da matasa a gonarsa ta jihar Ogun, a rumfunan da rana ke shiga. Amma yanayin Ogun ba na Katsina ba ne, ruwansu ba namu ba ne, ganyen miyarsu ma ba duka ne namu ba. Roƙona ga cibiyar binciken noma ta IAR da ta yaɗa dabarun noma ta NAERLS da ke Samaru, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT na Bagauda, da Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, shi ne su gwada hanyar bokitin nan da alayyahu da yakuwa da rama da lalo, a hunturu da bazara, da ruwan rijiya da na famfo, su fitar da sakamakon da Hausa a 'yar takarda da kuma rediyo, da awo irin na cokali da murfin kwalba wanda mace za ta iya bi a gida. Dillalan taki na Kano da Zariya kuma su duba yiwuwar ƙulla takin nan kashi uku a ƙananan ledoji na lita 20, don a yanzu wanda yake son giram 50 sai an ce ya sayi buhu.

Ƙanena kuwa na ce masa ba zan ba da kuɗin fitila ba. Na aika masa da na'urorin awo biyu da takin gwaji, na ce ya tara bokitan fenti daga wajen magina, ya jera su a gindin katangar gabas inda rana ke bugawa da safe inuwa ta sauko da azahar, rabi ruwan taki rabi buhun ƙasa, ya sayi littafi ya rubuta kowace naira da ta fita da kowane ɗauri da ya yanka. In hunturu da bazara suka wuce littafin ya nuna riba, sai mu yi maganar rumfa da mai saye.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Taku,
Wata 'yar Zariya,
daga Aberdeen, Birtaniya.